Dutsen da Baba Ya Hau Shi Kaɗai

Wata takwas bayan an yi wa Baba aikin zuciya na aika masa da tikiti ya zo ƙasar da nake aikin jinya, don wani likita da na yarda da shi ya sake duba shi. Ni ce autarsa, kuma ni ce nas ɗin gidan, saboda haka duk abin da na faɗa game da jikinsa shi yayyena suke bi ido rufe. Ni na ce a rufe shagonsa. Shekara arba'in Baba yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan ɗaki da ke warin mai, teloli na ɗauro masa kawunan kekuna a bayan babur. Na ce sunkuyo da ɗaga ƙarfe ba nasa ba ne yanzu. Babbar yayarmu ta sa wa shagon kwaɗo. Muka zaunar da shi a falo, muka kewaye shi da matasan kai. In ya yunƙura zai ɗebi ruwa, mutum uku za su riga shi zuwa firij.

Bai yi musu ba. Mutumin da ko gaisuwa sai ya haɗa ta da tsokana ya koma daga "to" sai "madalla".

Likitan ya duba hotuna, ya saurari ƙirjinsa, ya sa shi tafiya a kan na'ura har ya yi gumi. Daga nan ya juyo gare ni ya ce zuciyar ta warke, abin da take nema yanzu motsi ne. Ya riƙa tafiya kullum, har da hawa, muddin bai ji ciwo a ƙirji ba. Da na zo fassara wa Baba sai na ce, "Ya ce ka riƙa ɗan tattaki."

"Auta," in ji Baba, "mutumin nan ya yi magana yadi biyar, ke kin yanko min rabin yadi."

A ɗakin jira akwai wani babban hoto a bango. Duwatsu ne kore shar, an yanka su hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa cike da ruwa da shinkafa. Baba ya tsaya gabansa, hannuwa a baya.

"Wannan zane ne ko wuri ne?"

"Wuri ne. Awa shida ne daga nan a mota."

"To, can nake so in yi ɗan tattakin."

Wannan ne abu na farko da ya nema da bakinsa tun da aka sallamo shi daga asibiti. Ban iya hana shi ba. Na nemi hutun kwana huɗu, na saya masa takalmi mai kauri da sanda, na cika jakar goyona da magunguna har ta fi ta kayan sawa nauyi.

Mai masaukin da muka sauka a gindin duwatsun ya ba mu taswira ta takarda. Hanya biyu ce. Ɗaya ta bi cikin kwari, tana ratsa gonaki da ƙauyuka huɗu, tafiyar kwana biyu. Ɗayar kuma ta rabu da ita a tsakiya ta haye wani ƙauye da ke can ƙololuwa, ta matakalar dutse da ya ce ta kai taki dubu. Na sa biro na soke wannan tun kafin Baba ya gama gyara tabarau. Mai masaukin ya ƙara da cewa mutanen cikin duwatsu harshensu daban ne, tsofaffinsu ba sa jin na birni, wanda ni ma dama ɗan tsintuwa nake yi.

Ranar farko ta wuce lafiya, ko da yake ba zan ce na ga abu mai yawa ba. Hanyar kunyar gona ce, faɗinta bai fi tafin ƙafa biyu ba, ruwa dama ruwa hagu. Na sa Baba a gaba, ni a baya, idona a kan kafaɗunsa. Duk rabin awa sai in ce a tsaya, in kama tsintsiyar hannunsa ina kallon agogo.

Shi kuwa kowa ya gani sai ya gaishe shi. Mata sun duƙa cikin ruwa har ƙwauri suna dashe, sai ya ɗaga sanda ya ce, "Sannunku da aiki." Su ɗago su amsa da nasu harshen.

"Kin ji? Sun ce yawwa."

"Baba, ta yaya ka sani?"

"Wanda aka yi wa sannu me zai ce?"

A ƙauye na biyu ya tsaya ya kalli wani tsoho yana haɗa bututun gora, ruwa na gangarowa daga wannan hawa zuwa wancan. Ya zagaya, ya leƙa, ya taɓa mahaɗin, ya ce wanda ya tsara wannan ba ƙaramin kai gare shi ba. Wasu baƙaƙen shanu masu faɗin ƙaho suna kwance cikin taɓo, hanci kawai a waje, ya ce sun fi mu wayo. Muka kwana a gidan katako na wani manomi da ke karɓar baƙi, Baba ya cinye kwanonsa tas, abin da rabon da in gani tun kafin ciwon.

Washegari da asuba aka yi ruwa. Da muka fita gajimare ya sauko har cikin kwarin, kunyoyin sun yi santsi kamar an shafa musu sabulu. Wajen hantsi muka iso mararrabar da matakalar nan ta tashi, muka wuce ta. Ba mu yi tafiyar minti goma ba na ga Baba ya kai hannu ƙirjinsa. Ashe tabarau yake nema a aljihu. Ni kuwa na riga na zabura. Ƙafata ta dama ta zame, ta murɗe a ƙarƙashina, na faɗa gonar da ke ƙasa da mu, zurfin kamar tsayin yaro.

Da na ɗago, laka har cikin kunne. Baba ya sauko a hankali, ya kama ni ta hammata, ya ja ni zuwa gindin wata bishiya. Na cire takalmin. Idon sawun ya fara kumbura ina kallo. Na lalluba shi yadda nake yi wa marasa lafiya. Ban ji alamar karaya ba, amma ko taɓa ƙasa ba zan iya ba. Wayata kuwa na zaro ta daga aljihun wando ruwa na ɗiga daga cikinta. Ta Baba tana masauki, don ba ta da layin ƙasar.

Muka zauna muna jiran mai wucewa. An gama dashe a wannan sashen, babu abin da zai kawo kowa. Rabin awa ta wuce, daga kukan kwaɗi sai ƙarar ruwa. Rigata ta jiƙe sharkaf, haƙorana suka fara haɗuwa.

Baba ya buɗe taswirar a kan gwiwarsa. "Inda muka baro, awa nawa ne?"

"Biyu da rabi."

"Na gaba fa?"

"Uku."

Ya ɗora yatsa a kan wurin da na soke da biro. "Wannan kuma?"

"A'a, Baba."

"Tambaya na yi."

"Ba za ka hau wannan ba. Taki dubu ne. Mu jira, wani zai zo."

"In bai zo ba fa? Ke ce nas. Faɗa min abin da ke samun mutum in ya wuni da jiƙaƙƙun kaya a wannan sanyin."

Ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓa min, ya buɗe lema ya soka ta tsakanin rassa a kaina. Na zazzage jaka na ba shi ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, na ce ya riƙe ta a hannu, ba a aljihu ba. Na ce duk taki hamsin ya tsaya. Na ce in ya ji ko da tsukewa ce a ƙirji ya zauna, kada ya ƙara motsi. Ya saurare ni har na gama.

"Na ji, likita," ya ce. Ya dafa kaina, ya ɗauki sandarsa ya juya.

Daga inda nake ana hango farkon matakalar. Na ga farar hularsa tana hawa a hankali, ta tsaya, ta ci gaba, ta ƙara tsayawa. Can sai gajimare ya haɗiye ta.

Na daɗe ina aiki a ɗakin masu ciwon zuciya, kuma a wannan zaman babu mara lafiyan da bai dawo min a rai ba. Na tuna wanda ya faɗi a matakalar gidansa, da wanda ya faɗi yana wanke mota. Na tsara yadda zan gaya wa Yaya, na rushe, na sake tsarawa. Na yi duk addu'ar da na sani, na koma farko. Sau biyu na gwada miƙewa da niyyar in bi shi da rarrafe, sau biyu ƙafar ta mayar da ni zaune.

Awa ɗaya da minti arba'in a agogona, sai na ji muryoyi. Mutum uku ne suka ɓullo daga cikin gajimaren: maza biyu ɗauke da doguwar gora da bargo, da wata dattijuwa gajera mai ƙarfin tafiya, ta ɗaura kallabi. Na leƙa bayansu. Babu Baba.

Dattijuwar ta durƙusa ta kama ƙafata, ta juya ta, ta yi tsaki irin na tausayi. Na tambaye ta da harshen birni, "Ina tsohon? Ina mahaifina?" Ba ta gane ba. Na nuna hula a kaina, na nuna gemu, na nuna sama. Sai fuskarta ta buɗe. Ta nuna dutsen, ta yi magana mai tsawo, sannan ta miƙe tafin hannunta a kwance ta sauke shi har ƙasa. Da ta ga ban fahimta ba, sai ta jingina da baya, ta miƙe ƙafafu, ta kalli sama.

Ɗaya daga cikin mazan ya ɗan taɓa zaman birni. Ya lalubo kalma ɗaya ya ba ni. "Kwance," ya ce. "Tsoho, kwance."

"Yana numfashi? Yana magana?"

Ya yi murmushi ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda bai ji abin da aka ce ba.

Suka ɗaura bargon a jikin gorar, suka sa ni ciki, suka saɓa a kafaɗa. Ban san yadda zan kwatanta wannan hawan ba. Ina lilo cikin bargo mai warin hayaƙi, ina jin nishin mazan da ƙarar sandar dattijuwar a kan dutse, ina kallon tsayin kowane taki ta gefe. Wasu sun kai gwiwa. Duk wanda muka haye sai in ce a raina, Baba ya taka wannan ma. Na daina jin ƙafar gaba ɗaya.

Da muka shiga ƙauyen, gidajen katako ne bisa ginshiƙai, kaji na yawo a ƙarƙashinsu. A ƙofar wani gida na hango mutane sun taru, wajen ashirin, sun yi cirko-cirko suna leƙen ciki. Babu mai magana. Na san irin wannan taron. Na ce a sauke ni, ban jira ba na zamo daga bargon, na kama kafaɗar dattijuwar na yi ɗingishi har bakin ƙofa. Mutanen suka dare.

Ƙafafunsa na fara gani, miƙe a kan daɓen katako, safarsa duk laka, ba sa motsi. Sauran jikinsa yana ƙarƙashin wani teburi.

Sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin teburin, da Hausa, cikin ƙosawa. "A'a, ba wannan ba. Ƙaramin. Ƙaramin nake nufi, bawan Allah."

Wani tsoho da ke tsugune a gefe ya ajiye wuƙar da ya ɗauko, ya miƙa wata ƙarama. Hannun Baba ya fito, baƙi ƙirin da mai, ya karɓa ya koma.

Teburin keken ɗinki ne, irin na takawa da ƙafa, tsohon gaske.

Na sulale na zauna a bakin ƙofar. Abin da ya fito daga bakina ban san ko dariya ba ce ko kuka, na dai ji dattijuwar tana bubbuga bayana. Baba ya leƙo, tabarau a karan hanci.

"Kin iso? Madalla. Yaya ƙafar?"

"Baba, sun ce min kana kwance."

Ya dubi kansa. "To ai ba su yi ƙarya ba."

Dattijuwar, wadda ashe ita ce matar gidan, ta ja ni kusa da murhu, ta ba ni busassun kaya na canza a bayan labule. Ta dafa wasu ganyaye, ta naɗe min idon sawun da su da ɗumi, ta ɗaure da tsumma. Ban san sunan ganyen ba, kuma da a asibiti ne da na yi tambaya goma. A ranar miƙa ƙafa kawai na yi. Aka ba ni shayi mai zafi, na riƙe kofin da hannu biyu, ina sauraron Baba yana ba da labari daga ƙarƙashin teburi.

Ya ce da ya iso, matar gidan ya fara gani tana shanya. Ya yi mata ɗingishi, ya nuna ƙasa, ya zana bishiya da lema a ƙasa da sandarsa. Nan take ta gane, ta ƙwala wa 'ya'yanta kira. Ya juya zai raka su, ta kama shi ta hannun riga ta zaunar, ta nuna furfurarsa, ta kaɗa masa yatsa.

"Na ce ikon Allah, nan ma akwai irinku. Ina zaune ina shan ruwa sai na ga abu a lungu an rufe da zane, an ɗora kabewa a kai. Ƙafafun kawai na gani na san ko mene ne. Maigidan ya nuna min da yatsu, damina uku ke nan bai motsa ba. Ba wani abu ba ne fa. Sandar feda ce ta goce, ƙoshiyar zare ta yi tsatsa, igiyar da ke juya keken kuma ɓera ya ci."

"Ka san halin da na shiga kuwa?"

Ya ajiye wuƙar. Sannan ya ce, "Na san an tafi ɗauko ki, kuma sun fi ni ƙafa. In na zauna haka nan ina jira, tunani zai kashe ni. Gara hannuna yana wani abu."

Da la'asar ya gama. Ya yanka igiya daga wata tsohuwar fata da maigidan ya kawo, ya ɗinke bakinta da waya, ya ɗiga mai a duk inda ya kamata. Ya fito, ya karkaɗe wando, ya nuna wa matar gidan kujera. Ta goge hannuwanta a zane har sau biyu kafin ta zauna. Ta sa ƙyalle, ta taka. Keken ya yi tari sau ɗaya, sannan ya kama gudu, tatatata, ɗinki na fita miƙe sambal. Mutanen ƙofa suka ɗauki surutu gaba ɗaya. Ita kuwa ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen ƙyallen, ta juya shi ta sake bi.

Baba ya zo ya zauna kusa da ni, ya miƙo min tsintsiyar hannunsa ba tare da na nema ba. Na kama. Bugun yana tafiya daidai, a natse, ya fi nawa.

"Sau tara na tsaya," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Duk tsayawa sai in ce, to, yanzu ne. In kasa kunne in saurari ƙirjin. Shiru. In ƙara hawa. Da na kai na bakwai sai na lura abin da ke damuna gwiwa ce, gwiwar da ta dame ni tun kina goye." Ya buɗe ɗayan hannun. Ƙwayar tana nan, ta yi baƙi da mai. "Auta, wata takwas ina jin tsoron in yi tari da ƙarfi. Ban gaya wa kowa ba. Na ga ku ma a tsorace kuke."

"Likitan cewa ya yi ka warke," na ce. "Ya ce har hawa ka riƙa yi. Ni ce na ɓoye."

"Na sani. Na ga ya nuna sama da hannu."

Malamar makarantar ƙauyen tana jin harshen birni, kuma tana da waya. Ta ara min na kira Yaya.

"Lambar wa ce wannan? Ina Baba? Me ya faru?"

"Baba lafiyarsa ƙalau. Ni ce a kwance."

"Ke? Ba shi in ji."

Ya karɓa ya ce, "Kada ki damu, ina kula da ita. Ba na barinta ta ɗaga komai."

Kwana biyu muka yi a gidan. Da safe kafin mu gama karyawa an kawo kekuna biyu daga wasu gidajen, da injin feshi, da agogon bango wanda Baba ya ce ba fanninsa ba ne amma a ajiye. Ni kuwa aka shimfiɗa min tabarma a baranda, aka ɗora ƙafata a kan buhu. Rana ta fito, gajimaren ya yaye daga kwarin kaɗan-kaɗan. Sai ga gonakin nan a ƙasa, hawa bayan hawa har inda ido ya ƙare, kowanne da sararin sama a cikin ruwansa, mutane ƙanana kamar tururuwa suna bin kunyoyi. Kwana biyu na yi ina tafiya a cikinsu, sai ranar na gan su. Ina cikin kallo barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai bayan azahar.

Ranar tafiya, babban ɗan gidan ya ɗauke ni a babur ta wata hanyar baya mai zagaye, wadda ke fita bakin titi. Baba ya ce shi da ƙafa zai sauka, tare da maigidan da wasu manoma da za su gona. Wannan karon ban hana shi ba.

Na riga shi isa. Akwai wata rumfar mai shayi a bakin titin, na zauna a benci na miƙe ƙafa. Mai shayin tana da kyanwa mai jego a cikin kwali, na shagala da kallon 'ya'yan suna hawa kan juna. Ban ankara ba sai na ji an ajiye sanda a gefena. Baba ne, laka har gwiwa, wani ya ɗora masa malafa a kan hularsa.

Ya zauna, ya sauke numfashi, ya leƙa tukwanen mai shayin.

"Tambaye ta ko akwai wani abu mai nauyi," ya ce. "Yunwa nake ji."